Wa Ya Yarda da Sunan Alhaji Rabe?

Yajin aikin direbobi ya shiga kwana na uku a Douala, ba taksi ba babur, sai injiniyan da Alhaji Rabe ke jira ya maƙale a unguwar Logbaba. Ga kwamfutoci goma sha biyu jere a sabon shagonsa na intanet a New Bell, ko manhaja ɗaya babu a cikinsu.

Zulfa, 'yar maƙwabcinsa, haifaffiyar unguwar, shekara biyu ke nan tana yawo da takardun karatu ba aiki. Ta ce za ta iya saka musu manhajar. Alhaji, ɗan kasuwar atamfa da ya zo daga Kano, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ki gama kafin Juma'a, ke za ki riƙe shagon. In ba haka ba, na mutumin Logbaba ne."

Ita kuwa ba za ta zauna tana danna maɓalli ɗaya sau ɗari ba. Ta rubuta ɗan umarni da zai jira kowace taga ta buɗe a allon ya danna mata: Suivant, Suivant, J'accepte, Terminer, wato gaba, gaba, na yarda, an gama. Ta saka shi a na'ura ta farko, ta harɗe hannu, kibiyar allon na yawo ita kaɗai. Daɗi kamar ya kashe ta.

Alhaji ya leƙo. Wani dogon rubutu ya bayyana, kafin ya ƙifta ido ya ɓace.

"Mene ne wancan?"

"Yarjejeniya ce, Alhaji. Ya danna an yarda. Ba mai karantawa, c'est comme ça, haka ake yi."

"An yarda? Wa ya yarda? Da sunan wa?"

Sai ya miƙa hannu ya zare wayar wuta. Mutumin da ko yadi biyu bai taɓa saya bai warware ya duba ba! Zulfa ta ga aikinta yana tafiya Logbaba a ƙafa.

Ta kunna, ta tsayar da umarnin, ta jawo kujera. Shafi tara na Faransancin lauyoyi ta fassara masa, yana tsayar da ita.

"To in manhajar ta lalace, masu ita ba ruwansu?"

"Haka suka ce, Alhaji."

"'Yan duniya! Ci gaba."

La'asar ta yi kafin su kai ƙarshe, muryarta ta dushe. Sannan ya ce ya yarda, amma da hannunsa.

Ta ƙara layi ɗaya, umarnin ya riƙa tsayawa a wannan tagar. Alhaji ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, yana bisimilla yana dannawa, sauran aikin na tafiya da kansa.

A ta goma sha biyu ya zaro makullan shagon daga aljihu.

"Injiniyan nan da ya zo, danna min zai yi ya wuce. Ungo, 'yata. Ƙarfe bakwai ake buɗewa."