Taya ta Huɗu

Najla ta kama hannun Ilya ta ɗora a gefen tayar gaba ta dama, ta ce ya shafa. Ya shafa, ya ji wani ƙullutu kamar rabin ƙwai ya taso a jikin robar. Ita ke riƙe da garajin mahaifinta a Vénissieux, a gefen birnin Lyon, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce ya taɓa dukan dakalin gefen titi, zaren cikin tayar ya tsinke, iska ce ke turo robar waje. Sauran ukun tsufa ne kawai ya kama su, shekara shida ke nan tun da suka fito daga kamfani tare da motar. Wannan kuwa tana iya yin wata uku, tana iya fashewa gobe.

Ta nuna masa irin na kamfanin, ta nuna masa masu sauƙi, ta nuna masa waɗanda ke yin rani da hunturu ba sai an canza ba. Ya zaɓi na ƙarshen. Sai da ta fara gangarar da tsofaffin zuwa tarin da ake kwashewa ya tsayar da ita, ya ce a sa masa su a bayan mota, na yayansa ne da ke Maraɗi. Ta dube shi, ta dubi tayar mai ƙullutu, ta ce ita dai ta faɗa masa. Ya ce ya ji, kuma ya kwashi duka huɗun, wai zai yi tunani a hanya.

Yaya Rachidou shi ya riƙe Ilya bayan rasuwar mahaifinsu. Jigilar fasinja yake yi tsakanin Maraɗi da Dakoro da wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai ratsa yashi. Ranar da Ilya ya tura hoton ƙaramar kat-kat ɗinsa gida, kowa ya yaba launinta, shi kuwa Yaya lambar da ke jikin taya ya ce a karanto masa. Da ta zo daidai da tasa, shi ke nan Ilya ya shiga uku, duk gaisuwar Sallah sai an tambayi lafiyar tayoyi. Sau biyu Ilya ya aika kuɗin sayen sababbi, na farko ya zama gero, na biyu ya zama magani. Yaya bai ga laifi a nan ba, don a ganinsa tayar da Bature ya gaji da ita yanzu ta fara rayuwa.

Lahadi bayan asuba Ilya ya kama hanyar Paris shi kaɗai, don a can ake lodin kayan da za a aika gida. Matarsa Biba ta ce ba za ta yi awa biyar tana shaƙar warin roba ba. Sababbin tayoyin suna tafiya lumui, tsofaffin suna ta gogar juna a bayansa. Bayan ya wuce Auxerre ya yanke shawara: uku zai aika. A cikin tayoyi huɗu na Yaya ai ba za a rasa guda mai kyau da za ta cike ba.

A Montreuil, gefen Paris, a wani fili bayan gidan ma'aikata baƙi, Alhaji Abdul'aziz mutumin Tawa yana tsaye bakin kwantena ana cusa firji da katifu da kekuna. Shekara talatin yana wannan aikin. Bayan doguwar gaisuwa ya shaida wa Ilya cewa da an yi azahar za a rufe, wata kwantenar kuma sai bayan damina. Ya danna tayoyin da babban yatsa, ya ce ai waɗannan sababbi ne, mutanen Lyon dai akwai ɓarna. Ilya ya miƙa uku, ya jingina ta huɗun a bango.

"Malam Ilya, abin da aka aje nan ba shi kwana nan," in ji Alhaji. "In ba ta tahi da sunan wanka ba, da sunan wani za ta tahi."

Ilya ya janyo tayar kusa da ƙafarsa, ya kira Maraɗi ta bidiyo. Yaya yana tasha, ana lodi. Suka gaisa a gurguje, Ilya ya yi masa bayanin zare da ƙullutu kamar yadda Najla ta yi masa, har da nuna wurin da yatsa.

"Bon, ukku ke nan," Yaya ya ce yana dariya. "Ba komi, Allah shi yi albarka. Sai in bar wadda ta hi dama cikin nawa. Tsaya ka gan ta."

Ya juya wayar ƙasa. Tayar ta suɗe sumul kamar bayan ƙwarya, wayoyi sun leƙo ta wuri biyu, a gefenta an ɗinke wata tsaga da zaren roba. Wannan ce mai dama-damar. Wayar ta ɗago kaɗan, Ilya ya hango fasinjoji suna matsawa ciki, wata mata mai goyo tana miƙa buhu a ɗora mata a sama. Yaya ya ce mota ta cika, za su yi magana in ya sauka, ya kashe.

Tsoro ya kama Ilya, irin wanda bai ji ba ko a garaji. In ya riƙe tayar, Yaya zai yi damina guda a kan waccan. In ya aika, shi da hannunsa ya aika. Ya duba waya ko akwai mai sayar da taya a kusa, duk wanda ya gani a rufe yake, Lahadi ce. Masu lodin kwantenar sun fara wanke hannu don alwala.

Ya roƙi Alhaji farin fentin da ake rubuta sunayen masu kaya. Ya durƙusa, ya zagaye ƙullutun, sannan ya rubuta da manyan baƙaƙe a gefen tayar: SECOURS KAWAI. KADA A YI LODI A KANTA. Secours ita ce tayar safaya a bakin direbobin Maraɗi. Ya maimaita da Faransanci a ƙasa, yana bin kowane harafi sau biyu don ya fito.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai.

"Rubutunka na da kyau," ya ce. "Mai faci zai juya shi ciki ne, don kar fasinja su gani."

Ilya bai musa ba, don shi ma ɗan Maraɗi ne. Ya jira fentin ya sha iska, ya ɗaga tayar, ya tura ta kan sauran ukun da kansa.