Damin Gangara

Duk ƙasar Gobir babu masu ɗaure dami kamar mutanen Gangara, kuma duk Gangara babu kamar Kalilu. Daminsa sai ƙarti biyu sun kama kafin ya hau jaki. Shi ya sa ba ya ganin mutanen garin Isa da gashi. A cewarsa, abin da suke ƙullawa su kira dami, tsohuwa ma za ta saɓa shi ta tafi unguwa.

Shekara ta biyu ke nan ana fari. Bara wata ƙungiyar agaji ta raba irin gero mai saurin nuna, na gwaji, a Gangara da ƙauyukan Isa, kuma shi kaɗai ya ba da abin sawa a rumbu. Bayan kaka suka turo masu takarda gida-gida: taki nawa ka zuba, ruwa sau nawa ya sauka, dami nawa ka samu? Yunwa ta sa mutane suka cinye har abin da suka ware na shuka, suna jiran rabon bana. Sai labari ya zo cewa Isa za a kai irin duka, wai bincike ya nuna bai karɓi Gangara ba.

Ran Kalilu ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka fito da dami ɗaya tak da ya rage masa, wanda ya hana iyalinsa taɓawa, aka ɗaure shi a bayan babur. A Isa ya biya gidan surukinsa Maliki, ya ari nasu damin, ya riƙo shi da hannu ɗaya don Maliki ya gani. Suka nufi ofishin ƙungiyar tare.

Mai binciken, Dakta Attahiru, mutum ne mai tsabta. Hannunsa bai taɓa sanin ƙaiƙayin gero ba, amma ya san komai game da gero, tun da kwamfuta ta faɗa masa. Ya juyo musu da fuskarta, ya nuna wasu akwatuna da kibiyoyi, yana magana a hankali kamar mai lallashin kurma.

"Ka ga wannan kibiyar, Baba? Daga iri ta tashi, ta sauka kan amfanin gona. Lambar da ke kanta ita ce ƙarfin irin. Na raba ku rukuni biyu, na tilasta wa lissafin ya ba ku lamba ɗaya, ya ƙi. A Isa iri ya ƙara wa manomi dami goma. A Gangara huɗu. Wannan bambancin ba dace ba ne, na gwada shi ta hanya uku."

"Hanya ukku," in ji Kalilu. "To, cikin ukkun nan, wace ta ɗauki dami ta ji nauyinai?"

Dakta ya yi murmushin tausayi. "Dami ai dami ne."

"Tahi waje ka dibi dami, ɗan malam."

A farfajiyar ofishin aka jingina dami biyun a bango. Na Isa ko ƙugun na Gangara bai kai ba. Maliki ya sunkuyar da kai, masinjan ofishin ya tuntsire da dariya. Aka kira Kande mai abinci ta bakin ƙofa, ta kawo turmi da 'yan'uwanta mata, suka sussuke, suka sheƙe, aka auna. Na Isa tiya huɗu. Na Gangara tiya goma cif.

"Goma sau huɗu, huɗu sau goma," Kalilu ya ce. "Mu da ba mu yi boko ba, haka munka iske shi. Kai mi akwatinka yac ce?"

A yi wa Dakta adalci, bai yi gardama ba. Ya koma ciki da sauri, ya mayar da kowane dami tiya, ya sake kunna lissafin. Bambancin ya ɓace ɓat. Kibiyar Isa da ta Gangara suka zo da lamba ɗaya. Mutumin har da tafi! Ya ce wannan babban abu ne, zai rubuta shi manyan masana su karanta. Kalilu ya gyara zama, ya dubi Maliki a wulaƙance, zuciyarsa fari ƙal.

Sai Dakta ya matso da fuskarsa kusa da gilashin kwamfutar.

"Sai dai, Baba, akwai wata 'yar matsala. Tun da daminku ya ninka nasu har da rabi, girbinku na bara ma ya ninka. Ƙa'idarmu, ƙauyen da girbinsa ya gaza wannan layin shi ake ba iri. Da kuna ƙarƙashinsa. Yanzu kun haura shi."

"Mun haura mi? Mutane na cin ganyen tafasa babu gari!"

"Na sani, wallahi na tausaya. Amma kai ka kawo hujjar, kuma a gaban shaidu."

Kalilu ya fito ba tare da sallama ba. Geronsa na nan zube a kan tabarmar Kande, kajin ofis sun riga sun samu gefe. Ya kore su, ya durƙusa yana tattarawa a buhun da Maliki ya miƙo masa, har ƙwayoyin da suka faɗa cikin ƙasa yana tsincewa ɗaya-ɗaya. Tiya goma, ko abin da kaji suka bari, shi ne irin Gangara na bana.

Da ya ɗaure bakin buhun, ya daɗe yana kallon igiyar damin Isa da aka yar a gefen turmi, 'yar guntuwa. Ya ɗauke ta, ya auna ta da hannunsa. Girman dami ne ya raba Gangara da iri har sau biyu. Bai iya duban surukinsa ba.

"Maliki," ya ce, "in Allah ya kai mu kaka, za ni zo ka gwada mini yadda kuka ɗaure naku."