Dammunan Ciyawa a Gindin Tirela

Tun farkon makon Darlene ke tashi da ciwon kai, amma da ta isa gidan abincin da take aiki sai ya sake ta.

"To ai mijinki ne ciwon," in ji Marlys, abokiyar aikinta, tana juya ƙwai a kasko. "Ki bar min shi mako guda, ki ga lafiya."

"Ɗauke shi, ƙawata. Yau ko aiki bai fita ba, yana can kwance, wai jiri da tashin zuciya."

Kamar sauran ma'aikatan rijiyoyin mai na Dakota ta Arewa, a tirelar kwana suke zaune a sansanin ma'aikata, Darlene da mijinta Wendell. Da sanyi ya shigo, Wendell ya yi abin da kowa ke yi a sansanin: ya kewaye gindin tirelar da dammunan ciyawa don kada bututun ruwa ya daskare. Shi kuwa ba ya aiki rabi-rabi. Ya jera su hawa biyu, ya toshe duk wata kafa, dusar ƙanƙara ta zo ta lulluɓe sauran.

Darlene na zuba wa wani direba kofi sai ta tuna ta ina hitar gas ɗin da ke ɗumama musu tirela ke fitar da hayaƙi. Wata 'yar kafa ce a jikin tirelar, ƙasa-ƙasa. Ta kasa tuna ranar ƙarshe da ta gan ta; dammunan sun toshe ta ke nan. Ƙararrawar da ke gargaɗi idan iskar hitar mai guba marar wari ta taru a ciki kuma, Wendell ya cire mata batir tun lokacin kaka, wai kuka take ko burodi aka gasa.

Ta kira wayarsa, ba a ɗauka ba. Ta kira motar asibiti, ta fita ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba.

A cikin tirelar akwai ɗumi, babu warin komai. Wendell na zaune a ƙasa, ya jingina da gado, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ta kama shi ta hammata, ta ja shi har kan ƙanƙara.

"Wendell. Tsoho, dube ni."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Rufe ƙofar," in ji shi, "ɗumin zai fita."

"Wace ce ni?"

Ya daɗe yana kallonta, bai faɗi sunanta ba. Ta tallafe kansa a cinyarta, ta ci gaba da tambayarsa har motar asibitin ta shigo sansanin.