Zabin Ishiyaku

Zabuwa ta farko ta bi ta ƙarƙashin bencin masu jiran likita. Ta biyun kuwa ta yi fiffike ta haye rufin asibitin, ta tsaya tana tsiwa kamar an ci bashinta.

"Ku tare! Jama'a ku tare min!" in ji Malam Ishiyaku, yana riƙe da igiyar da ta tsinke. Muryar ta fito a shaƙe. Wannan kuwa ita ce muryar da in ya ɗaga ta a tashar Gwaram ya ce "Birnin Kudu, mutum ɗaya!", sai mai shayi a bakin kasuwa ya dafe kofi.

Matarsa A'i ce ta cafke ta ƙasan da mayafi, ta sa ta a hammata.

"Na faɗa maka, Baban Khuzaima, asibiti ba gidan suna ba ne."

Ishiyaku ɗan kamasho ne, da maƙogwaro yake ci. Da kumburi ya fito masa a wuya, aka tura shi babban asibiti a birni, aka ce ciwon daji ne, irin wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa. Ya fara karɓar magani bai ko yi tari ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne saƙon da ya biyo baya: an auna jininsa, za a rage masa gashin da aka shirya yi wa ciwon da wutar na'ura.

A tasha aka yi ta fassara. Rilwanu direba, taubashinsa, ya ce, "Sun gan ka da silifas ne. Na masu manyan riguna ake cikawa. Maganin da bai kayar da kai ba, ai ruwa ne."

Shi ya sa ya sayi zabi.

Dakta Fiddausi, wadda ke bin lafiyarsa a Birnin Kudu, ta dubi zabuwar, ta dubi mai ita, ta danne dariya.

"Baba, wannan fa?"

"Gaisuwa ce, Likita. Ki sa baki a cika min. Ni ba na son rabin abu. In kashe ciwon za a yi, a kashe shi har jikokinsa."

Ta ja kujera kusa da shi. "Ciwon nan yana barin sawu a jini, kamar yadda akuya ke bari a gona. Kafin a fara maka magani, sawun ya cika jininka. Yanzu an nema, da ƙyar aka gani. Irin naka mai jin magana ne. Shi ya sa likitocin can suka ce kana cikin waɗanda za a iya gwada wa mai sauƙi, in ka yarda."

"In ban yarda ba?"

"A yi maka cikakke. Wuyanka ne. Amma wutar ba ta san ciwo kaɗai ba. Tana iya busar da yawu, tuwo ya riƙa tsaya maka, muryar ma ta tafi ba sallama. Akwai waɗanda dole a yi musu haka, don sawun nasu ya ƙi gushewa. Suna can suna addu'ar samun irin sakamakonka."

Ishiyaku ya shafa wuya. Ya tuna tasha. Ya kuma tuna dariyar Rilwanu, sai ya ɗaure fuska.

"A cika."

A'i ta gyara wa zabuwa zama. "Likita, bari in ba ki labari. Ranar kasuwar Sara, Rilwanun nan ya ce a ƙara masa buhunan gero a bayan mota. Wani mutum, ga shi nan zaune, ya tsuguna ya leƙa ƙafafun motar, ya latsa taya, ya ce ko ƙwarya ba za a ƙara ba. Har zagi ya sha. Ya ce wai kowace mota da lodinta, kuma ba direba ke faɗa ba, taya ke faɗa."

"Wannan mota ce, A'i," in ji Ishiyaku.

"To, kai tirela ne?"

Wata ma'aikaciyar jinya da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya ta gudu. Ishiyaku ya sunkuyar da kai, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"In aka rage, Likita, ciwon ya laɓe fa? Ya dawo ta bayan gida?"

"Tambayar da ta dace ke nan. Ba zan rantse maka ba zai dawo ba. Amma za ka riƙa zuwa muna auna jini, muna duba wuyan. Da mun ga sawu, mu tashi tsaye."

"Wato ana tafiya ana duba taya."

"Ana tafiya ana duba taya, Baba."

Ya numfasa. "To, a rage. Amma kar Rilwanu ya ji."

"Ai kafin mu isa gida ya ji," in ji A'i.

Likita ta ƙi karɓar zabuwa. Bayan an gama gashin, da maƙogwaro ya daina zafi, A'i ta yi farfesunta. Ishiyaku ya sha, ya tauna har ƙashi, ya ce gishiri ya yi kaɗan. A'i ta juya baya ta goge ido da gefen zane, don ta san ɗanɗanonsa ya dawo.

Ta kan rufin kuwa ba wanda ya iya kama ta. Ta zama 'yar asibiti, masu gadi na watsa mata dawa.

Da damina ta faɗi, Ishiyaku ya zo awon jini a motar Rilwanu, wanda ya yi ta mita a hanya saboda an hana shi ƙarin mutum a gaba. Aka ɗebi jinin, aka ce sakamako sai an kira shi. Ya fito yana danne auduga a hannu, sai ga zabuwar a saman rufi ta buɗe baki tana yi masa tsiwa.

Ya tsaya. Ya gyara hula, ya cika ƙirji.

"Gwaram, mutum ɗaya!"

Zabuwa ta yi tsit. Can a bakin ƙofar asibiti, wata tsohuwa ta ɗauki ƙunshinta ta fara sauri.