Dokar Zauren Hankali

Na'urar ta fara ƙara tun kafin ya kai ta bakin gangar, tsat-tsat-tsat, kamar an jefa albasa cikin mai. Injiniya Nasrullahi ya ja baya, ya sake matsawa. Allurar ta haura ƙarshe ta tsaya cak. Shekara da shekaru yana auna gubar uraniyum a ramin kamfani da irin wannan na'ura, amma bai taɓa kawowa a ransa ya auna gangar ruwan shan gidansa ba.

"Malam, me kake soyawa a tsakar gida?" in ji matarsa Hafsatu daga ɗaki. Tari ya sarƙe ta kafin ta ƙarasa dariyar.

"Ba komai, kwanta abinki."

Ƙarya ya yi. Gangar daga rumfar Alhaji Muktari ta fito, mai sayen tarkacen ƙarfen mahaƙar da aka rufe. Kuma duk Arlit an san wasu motocin gangunan na tafe cikin 'yan kwanakin nan. Dole a tsai da su. To wa zai gaya wa? 'Ya'yansa suna Yamai, abokan aikinsa wasu sun koma Damagaram, wasu suna maƙabarta. Zauren Hankali kaɗai ya rage masa.

*

Zauren Hankali ƙungiya ce ta manyan 'yan boko da attajirai, ba a shigarta sai an gayyace ka. Duk Alhamis bayan la'asar suke haɗuwa a tsohon kulob ɗin manyan ma'aikata, da kwat da laktaye, cikin zafin nan na Arlit da ko jaki neman inuwa yake. Abu uku suka yi imani da shi: hankali, ci gaba, da kasuwar da ba a sa mata hannu. Nasrullahi yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma wallahi yana sonta. Nan ne kawai ake sauraronsa.

Ran Alhamis ya miƙe a gaban 'yan zauren, har da Alhaji Muktari, ya yi bayani dalla-dalla. Sai da ya zo ƙarshe muryarsa ta karye.

"Matata tana tofar da jini, jama'a. Hafsatu, wadda kuka sha furarta."

Likita Khalidu, shugaban zauren, ya kaɗa ƙararrawa.

"Injiniya, Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san doka. Wanda maganar ta taɓa zuciyarsa ba ya zama a muhawararta, don zuciya tana rufe ido. Ka jira mu a waje."

"Alhaji Muktari fa? Ai kayansa ne."

"Alhaji ciniki ya kawo, ciniki kuwa lissafi ne. Kai hawaye ka kawo."

Alhaji Muktari ya gyara zama, bai ko ɗago kai ba. Nasrullahi ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga abin kallo a kofin shayinsa.

Ya zauna a baranda shi kaɗai. Can nesa tulin dusar dutsen da aka haƙo ya tokare sama, tsuntsu ko ɗaya babu. Ta taga yana jin Faransanci yana tashi, ana ambaton 'yancin mai saye, ana tafi. Har da dariya. Kaɗaicin da ya ji a wurin ya fi na gidansa ciwo, don a gida ko tari akwai mai yi masa.

Da aka kira shi, Likita Khalidu sai fara'a yake.

"Mun samo mafita, Injiniya, ta masu hankali. Hana ciniki zalunci ne, ɓoye gaskiya ma zalunci ne. Saboda haka za a rubuta gargaɗi a jikin kowace ganga da jan fenti, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Alhaji ya ɗauki nauyin fentin."

Aka yi wa Alhaji tafi.

"Da wane harshe za a rubuta?"

"Da Faransanci mana. Da me kake so?"

*

Kafin motocin su iso, ƙannen Hafsatu sun zo sun tafi da ita Damagaram jinya. Gidan ya yi tsit. Ran Alhamis babu wanda ya aiko ya ji ko lafiya bai zo zaure ba.

Washegarin isowar motocin, da safe, ya shiga kasuwa. Ga gangunan nan jere, fentin yana ƙyalli, mata sun yi cincirindo. Ya hango 'Yargata maƙwabciyarsu, mai sayar da ƙosai, da goyo a baya, tana kokawar ɗora ɗaya a amalanken jaki.

"Mushe, Allah ya kawo ka!" in ji ta, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. "Kama mini nan."

"'Yargata, sauke ta. Guba ce. Abin da aka rubuta ke nan, wai kada a zuba ruwan sha."

Ta dubi rubutun, ta dube shi, ta fashe da dariya.

"Kai Mushe! Ai mai rubutun ita ce ta asali, ta Nasara, shi ya sa ake rububinta. Marasa rubutun ma ba mai kallonsu."

"Na rantse miki da Allah, irinta ce ta kwantar da Hafsatu."

Dariyar ta ɗauke. Ta gyara goyonta, sannan ta ce a hankali, cikin tausayi:

"Jinya ce ta taɓa ka, Allah ya tashi kafaɗarta. Amma in da guba ce, ku manyan masu ilimi za ku bari a sayar mana?"

Mai amalanke ya kama ɗaya gefen, gangar ta hau. Jaki ya ja, 'Yargata na biye tana dafe da ita kada ta gangaro. Jaririn da ke bayanta ya miƙa hannu yana shafa jan fentin, sannan ya kai yatsun bakinsa.