Hasken Da Ya Rufe Wuƙar Katako

Dutsen farko tagar Edita ya samu. Yana zaune gaban kwamfutarsa sai ya ji ɓaraguzan gilashi a wuyansa. Da ya leƙa, layin ya cika maƙil da masu haya da babur, wani da gora, wani da sarƙa, kowa da waya a hannu. Sautin da ke fita daga wayoyin nan ya san shi sarai, don shi ya haɗa shi.

Sana'arsa tace bidiyo, daga nan ya samo sunan. Wanda ake nema kuwa maƙwabcinsa ne, mai faci, dattijo mai fuskar da ko dariya yake yi sai ka ɗauka faɗa zai fara. Fuskar ce ta ja masa. Edita ya yi ta lallashinsa ya fito a wani gajeren wasa, ya soki mai babur ya gudu da babur ɗin. Mutumin da jinin kaza ke sa shi jiri! Ya yarda ne kawai don jikarsa ta gan shi a waya.

Wuƙar ta katako ce, kuma a hoto ta fito katako ƙiri-ƙiri. Edita ba ya son a raina aikinsa, sai ya ɗora mata hasken rana irin wanda ke dukan gilashin kyamara. Ya duba inda inuwa ta faɗi ya sa ranar a ɗaya gefen. Ya jera ƙananan zobban haske kore da ruwan goro, kyamara ta yi dama su yi hagu. In kan mai faci ya gifta hasken ya dushe, in ya ɗaga hannu ya tashi fau, daidai kan wuƙar. Ranar da ya gama har tafa wa kansa ya yi.

Wani ne ya yanke ƙarshen wasan, inda kowa ke dariya, ya watsa sauran. A makon kuma an kashe wani mai babur na gaske.

Edita ya suri kwamfutar ya fita ba takalmi. Sun riga sun ɓalle ƙofa sun jawo dattijon har bakin kwata, matarsa na riƙe da ƙafarsa ana shurin ta. Edita ya yi ta rantsuwa cewa wasa ne, wanda aka soka abokinsa ne, yana nan da ransa, ya yi tafiya ne. Wani ƙato ya shaƙe masa wuya.

"Wasa? Ranar ma wasa ce? Kai ka rataya ta a sama?"

"Wallahi ni na sa ta. Bari in cire ka gani."

Ya buɗe kwamfutar, ya danna, hasken ya fita daga hoton. Amma azahar ce, rana na tsakiyar ka. Ƙaton ya sunkuya, bai ga komai a gilashin ba sai fuskarsa. Edita ya kare da tafin hannu, ya juya, ya durƙusa ya yi inuwa da jikinsa. Gora ta sauka a yatsunsa.

Mai faci ya ɗago, jini ya rufe masa ido ɗaya. "Ɗana, nuna musu katakon mana."

Da ƙarfen cire tayarsa suka buge shi, wanda ke jingine a ƙofar gida. Edita ya ji ƙarar, kuma ya tsani hannayensa tun daga lokacin. Kafin a ce me, babura sun watse, sun bar hayaƙi da takalmi wari ɗaya.

Bayan an kai mai faci makwancinsa an dawo, matar ta shigo ɗakin Edita ba sallama. Ba ta zage shi ba, shi ko ya so a ce ta zaga. Cewa ta yi ya nuna mata abin da ya so nuna musu. Ya sauke labule, ya danna da hannun hagu. Gilashin kwamfutar ya tsage amma yana kawowa. Ga mai faci nan, hannu a sama, ya cije leɓe yana danne dariya.

Ta matso ta ƙura wa wuƙar ido.

"Muciyata ce," ta ce. "Na yi ta nema, ya ce bai gani ba."

Ta sa yatsa a gilashin ta share ƙurar da ke kan goshin mijinta.