Kinanti ta ce Pak

Mbak Darmi, ajiye albasar nan ki zauna, labari ne a bakina. Ƴata Kinanti ta yi magana! Wallahi ta yi. Jiya bayan la'asar, da bakinta, ba wannan "ah-ah" da take yi tana nuna abu ba. Magana sosai.

Kin dai san yadda nake fama. Yarinya ta kusa shekara biyu, tana bin agwagin surukata har cikin taɓo, amma baki shiru. Ibu kuwa, surukar tawa, kullum tana goge ƙwan agwaginta mai gishiri tana cewa, "Mu dai a danginmu babu bebe." Har ta riga ta yi magana da tsohuwar nan ta bayan kasuwa, wai ranar Juma'a za a kankare wa yarinyar harshe da zoben zinariya, bakin ya buɗe. Ni ba na so. Na ga an yi wa ɗan maƙwabta, kwana ya yi yana ƙin nono. Na ce mata ai na taɓa jin Kinanti ta ce wani abu, sai ta ce, "Ninuk, uwa abin da take so ta ji shi take ji. In ɗana Wartoyo ya ji da kunnensa, to na fasa."

Kunnen maigidana Mas Wartoyo kuwa ai kin san inda yake. Tun da ya zama joki, masu kuɗin Jakarta da ba su iya wasan gem ba suna ba shi asusunsu ya buga musu su yi ta kuri, gaban kwamfuta ne wurinsa. Da can tsohon hedifon ɗinsa yana matse masa kunne, sai ya cire ya yi tsaki, ya sha shayi, ya ɗauki yarinya. Sai ya sayo wannan sabon. Baƙi, mai ƙaton soso a kowane gefe, ga makirfo a lanƙwashe gaban baki. Ya ce ba ya zafi, ba ya sa gumi, mantawa yake yana kansa. Gaskiya ya faɗa. Sallah kawai ke cire masa shi. Har gashinsa ya yi kwari a tsakiya, hanya guda daga kunne zuwa kunne.

To jiya ina ninke kaya a tabarma, shi yana bugawa, ya juya mana baya. Kinanti ta je ta kama ƙafar kujerarsa, ta ɗaga kai ta ce, "Pak." Baba fa ta ce!

Rigar da ke hannuna ta faɗi. Ta sake, da ƙarfi: "Pak! Pak!"

Na ce, "Mas! Mas Wartoyo!" Ko motsi. Yatsunsa na ta gudu. Na miƙe zan taɓa shi kenan sai na ji ya ce, "Wa? Ƴar wa?" Ba da ni yake ba. Sai ya ce, "Tawa?" Sannan ya waiwayo ya kalli ƙasa.

Ashe makirfon ne, Mbak. Shi bai ji komai ba, amma abokan wasansa sun ji, har da wanda ke can birnin Medan mai nisa! Ƴata ta yi magana an ji ta a Medan!

Ya ɗaga soso ɗaya daga kunnensa, ɗayan hannun yana kan linzamin kwamfuta. "Kinan, me kika ce? Sake faɗa."

Ta kalle shi ta sa yatsa a baki.

Na ce, "Faɗa wa Bapak, babanki, mana, ƴar albarka. Pak. Ce Pak."

Agwagi kawai ke ta surutu a waje. Ya jira kaɗan, idonsa na komawa kan allo. Can sai ya cire hedifon ɗin gaba ɗaya ya miƙo min. "Bang Togar, na Medan ɗin, ke son magana da ke. Yi sauri, an kashe ni a gem, yanzu zan tashi."

Ban taɓa sa shi ba sai jiya. Yana sauka kaina komai ya ɗauke. Agwagi, babura, rediyon Ibu, duk babu. Laushi kamar an tallabe min kai da tafin hannu biyu. Sai ruwan sama na cikin gem ɗin, ɗigo ɗigo, da takun wani a bayana ta hagu, har na juya na duba. Sannan wata babbar murya, tas, kamar mutumin yana zaune a gefena.

"Uwar yarinya ce? Barka, barka! Sau uku ta faɗa, ni na ji. Wannan mijin naki kurma ne, ƙanwata, sayar da shi ki sayi akuya."

Wani ya kwashe da dariya ya ce, "Akuya ta fi shi iya harbi ma!"

Na yi dariya, na ce na gode, Bang. Muryata ta dawo min a kunne fes, kamar ta wata mace mai hankali.

Sai na kalli ƙasa. Kinanti na riƙe da zanina, bakinta yana buɗewa yana rufewa. Ban san ko magana take ba, ko hamma, ko kuka za ta fara. Ina ganin bakin, ba na jin komai. Kuma Mbak, ban cire ba. Tsayawa na yi ina kallonta, ruwan nan yana zuba min a kunne. Ban ji haushi ba, ban ji daɗi ba. Ban ji komai ba, kuma wurin da daɗin zama.

Mas ya zare shi daga kaina. "An fara."

Na ce, "Ta sake magana yanzu?"

Ya ce bai lura ba, allo yake kallo. Ya mayar da soson kunnensa.

Da magariba ya cire zai yi alwala, na ja shi har kicin gaban Ibu, yarinya a kafaɗata. Na ce, "Ibu, ta yi magana! Ta kira babanta. Sau uku."

Ibu ba ta kalle ni ba, shi ta kalla. "Ka ji?"

Ya sosa kwarin nan na kansa. "An ce min ta faɗa."

"Wa ya ce?"

"Bang Togar."

"Wane ne kuma haka? Ɗan wace unguwa?"

"A Medan yake. Ban taɓa ganinsa ba."

Ibu ta ɗauki wani ƙwan ta ci gaba da gogewa. Ta ce, "Juma'a da safe. Ki sa mata riga mai tsabta."

Na tsaya ina jira Mas ya ƙara wani abu. Ya naɗe hannun riga ya wuce bakin rijiya.

To labarin kenan, Mbak. Ta yi magana dai, ko? Har Medan. Miƙo min wuƙar in taya ki, hannuna ba abin da yake yi.